Maska, Laka Ko Karaɗuwa? Sunan Ƙasar Da Ba A Kafa Ba A Kudancin Katsina

Gabatarwa

Idan manomin Bakori ya kai masara ko auduga kasuwa, aka tambaye shi ko shi mutumin ina ne, zai ce shi Bakatsine ne, ba tare da wani jinkiri ba. Amma kuwa tafiyar da ke tsakanin gonarsa da Birnin Katsina ta fi wadda ke tsakaninsa da Birnin Zariya nesa ba kusa ba. Ƙasar da yake nomawa laka ce mai riƙe ruwa, damina tana riga sauka gare shi kafin ta kai arewa, amfanin gonarsa kuma ya sha bamban da geron da aka fi dogara da shi a rairayin arewacin Katsina. Wannan bambanci daɗaɗɗe ne, shi ya sa mutanen dā suka kira wannan yanki Katsina Laka.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a yi wannan tambaya: da a ce tarihi ya bi wata hanya dabam, har ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi ta zama ƙasa mai sarkin yanka nata, da wane suna za a kira ta? Mai rubuta ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo yana bukatar amsa, haka ɗalibin tarihi. Su kuwa masu neman a yi wa yankin jiha, tambayar ta zame musu ta yau da gobe. Abin da za a nuna a nan shi ne, sunan ƙasa ba don daɗinsa a kunne ake samunsa ba. Da'awa ce ta wanda ya riƙe mulki, tana faɗin inda ya samo ikonsa. Don haka sai an san shekarar da aka ce tarihi ya karkata, da wanda ya yi rinjaye a wannan karkatar, sa'an nan za a san sunan da hankali zai karɓa.

Amfanin Tambayar "Da A Ce"

Akwai masu ganin irin wannan tambaya ɓata lokaci ce, tun da abin da ya auku ya riga ya auku. Malamai ma sun yi hani ga "da na sani" irin ta mai baƙin ciki da hukuncin Allah. To, amma wannan dabam take da tambayar mai nazari. Duk wanda ya ce hanyar jirgin ƙasa ce ta ɗaukaka Funtuwa, a fakaice yana cewa ne da jirgin bai bi ta nan ba da garin bai kai haka ba. Ashe ke nan ba a iya faɗin dalilin wani abu sai an auna shi da abin da zai yiwu ya faru in babu wannan dalilin. Sharaɗin kurum shi ne a tsaya cikin iyakar abin da mutanen wancan zamani suka sani, suka kuma saba yi.

Yadda Ƙasashe Ke Samun Suna A Ƙasar Hausa

Hanya ta farko ita ce birni ya ba ƙasa sunansa, kamar Kano da Katsina da Daura. Akwai kuma sunayen da suka fi ƙarfin birni guda, irin su Gobir da Kabi, waɗanda hedkwatarsu ta yi ta ƙaura amma sunan bai gushe ba. Gobirawa sun zauna Birnin Lalle, sun zauna Alƙalawa, bayan faɗuwarta a 1808 wasunsu suka kafa Tsibiri, duk da haka sarkinsu Sarkin Gobir ne.

Wannan ya kai ga hanya ta biyu, wadda ta fi kowace muhimmanci, watau sunan ƙasa a cikin sarauta yake zaune. Sarkin da ke Argungu har yau Sarkin Kabi ne, alhali Birnin Kabi kansa Sarkin Gwandu ne ke zaune a ciki. Sa'ad da Malam Musa ya ci Zariya a 1808, Sarkin Zazzau Makau ya nufi kudu. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, zuriyarsu kuwa ba su taɓa barin kiran kansu Sarkin Zazzau ba. Wanda ya riƙe suna bai saki da'awar ƙasa ba ke nan, ko da ƙasar ta fita hannunsa.

Hanya ta uku ita ce sunan wanda ya kafa wuri ya bi wurin. Abuja daga Abu Ja take. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin tarayya bayan 1976, sai tsohon garin ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Adamawa daga Modibbo Adama take, haka Ƙaura Namoda daga Namoda.

Bayan waɗannan akwai gwajin harshe. Sunan ƙasa a Hausa dole ne ya haifi sunan mutanenta ba tare da an tilasta ba: Bakatsine da Katsinawa, Bagobiri da Gobirawa, Bakabe da Kabawa. Sunan da baki ya kasa juya shi ta wannan fuska, da wuya ya daɗe a bakin jama'a.

Wajibi ne kuma a yi hattara da sunayen da masana suka laƙaba daga baya. Alal misali, sunan Daular Sakkwato ya fi yaɗuwa ne bayan littafin da Murray Last ya buga a 1967. Mutanen ƙarni na goma sha tara Sarkin Musulmi suka sani, shi suke kai wa gaisuwa, suna kuma ambaton kowace ƙasa da sunan sarautarta. Marubucin da ya sa wani jarumi na shekarar 1820 yana faɗin "Tarayyar Kudancin Katsina" ya sa masa maganar da ba a haifa ba tukuna.

Karkata Ta Farko: Kafin Jihadi

Kudancin Katsina ba daji ba ne kafin jihadi. Binciken Yusufu Bala Usman, wanda aka buga a 1981 a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa ƙasar Katsina haɗakar garuruwa ce masu sarakunansu, waɗanda suka bi Birnin Katsina sannu a hankali. A kudu akwai Maska da Gozaki da Kogo, a yamma kuma akwai 'Yandoto, garin malamai. Maska, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Funtuwa, ta yi suna wajen auduga da saƙa da rini, tana kuma bisa hanyar fatake masu zuwa Zazzau da ƙasar Gwari.

Abin da ya hana irin waɗannan garuruwa tsayawa da ƙafarsu shi ne matsayinsu. Suna tsakanin manya uku, Katsina da Kano da Zazzau, kuma ƙaramin gari a irin wannan wuri ya fi samun lafiya idan ya jingina da ɗayansu. Amma Katsina ta sha yaƙi da Kano a ƙarni na goma sha shida da na goma sha bakwai, ta kuma sha yaƙi da Gobir a ƙarshen na goma sha takwas. Da a ce ɗayan yaƙe-yaƙen nan ya karya ta ƙwarai, har Sarkin Maska ya daina aika gaisuwa ya tara garuruwan laka ƙarƙashinsa, to babu wani suna da za a nema. Ƙasar Maska za a ce, sarkinta Sarkin Maska, mutanenta Maskawa. Birni ne ya ba ƙasa suna, sarauta ta riƙe shi, baki kuma bai yi wahalar juya shi ba.

Karkata Ta Biyu: Zamanin Tuta

Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, shugabannin jihadi a ƙasar Katsina uku ne: Malam Ummarun Dallaje da Malam Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji. Birnin ya faɗi wajen 1807, sarauta kuma ta tabbata a gidan Ummarun Dallaje, inda ta zauna har 1906. Abin lura a nan shi ne, tsohuwar ƙasar Katsina ba ta fito daga jihadi a dunƙule ba. A yamma, Malam Sambo Ɗan Ashafa ya bar yankin 'Yandoto ya kafa Gusau wajen 1811, yana bin Sakkwato kai tsaye. A gabas, Ɗantunku ya kafa ƙasar da ta zama Kazaure daga gefen Kano da Katsina da Daura. A arewa kuwa tsofaffin sarakuna suka kafa Maraɗi. Tun da an yanki ƙasar ta fuskoki uku, ba zai zama tatsuniya ba a ƙaddara cewa an yanke ta ta fuska ta huɗu.

To, da an ba wani malamin kudu tuta tasa, wace sarauta zai ɗauka? Al'adar masu jihadi ita ce su gaji sunan ƙasar da suka ci, ko wadda aka umarce su su ci. Malam Zaki na Katagum Sarkin Barno aka kira shi. Mai Gusau har yau Sarkin Katsinan Gusau ne, domin 'Yandoto ƙasar Katsina ce. Saboda haka hanya biyu ce. Idan mai tutar ya zauna cikin Maska, zai zama Sarkin Maska, kuma wannan bai yi nisa da abin da ya auku ba, domin sarautar Maska ta tsira bayan jihadi, sai dai ƙarƙashin Katsina. Idan kuwa ya gina sabon gari irin na Sambo, zai yiwu ya kira kansa Sarkin Katsina shi ma, jama'a kuma su bambanta shi da sunan garinsa. Mai ƙagaggen labari da yake so Bakori ta zama hedkwata yana iya cewa Sarkin Katsinan Bakori, amma fa sai ya nuna dalilin da ya sa mai tuta ya tsallake tsohon birni mai ganuwa da kasuwa ya zaɓi nan.

Akwai suna guda da ya kamata a guje shi a wannan zamani, watau Sarkin Kudu. Gaskiya ne akwai sarautun Sarkin Kudu da Sarkin Yamma da Sarkin Gabas a masarautu da dama, amma galibi na hakimai ne. Kudu ba ta zama kudu sai ga wanda yake zaune a arewa da ita. Sarkin da ya kira ƙasarsa Kudu ya amsa ke nan cewa cibiya tana wani wuri. Ko ƙasar Modibbo Adama, wadda aka fara kira Fombina, watau kudu da Fulatanci, sunan Adamawa ne ya rinjaya daga baya.

Karkata Ta Uku: Da Tsofaffin Sarakuna Sun Nufi Kudu

Da aka ci Birnin Katsina, Sarki Magajin Halidu ya nufi arewa, ya rasu a Ɗankama. Sauran jama'arsa suka fake a Damagaram, daga bisani Ɗankasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Da a ce sun yi irin ta Makau, sun gangara kudu cikin duwatsun Kogo da dazuzzukan da ke wajen Birnin Gwari, suka kafa mulki a kan garuruwan laka, wane suna za su ɗauka? Lalle ba Maska ba. Wanda yake ganin kansa magajin Muhammadu Korau ba zai sauko ya ɗauki sarautar garin da kakanninsa suke karɓar gaisuwa daga gare shi ba. Sarkin Katsina zai ci gaba da zama, kamar yadda na Maraɗi yake har yanzu a Jamhuriyar Nijar. Sunan da baƙi za su kira ƙasar da shi kuwa, na sabon garin ne, ko dai wanda aka tarar a wurin, ko na wanda ya kafa shi, irin na Abuja.

A nan za a ga ƙasa ɗaya da mutane ɗaya, amma suna ya sāke domin mai mulki ya sāke. Sunan da ya dace da labarin farko kuskure ne a labari na uku.

Karkata Ta Huɗu: Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun iso Katsina a 1903, suka naɗa Muhammadu Dikko a 1906. Su hanyarsu ta ba da suna dabam ce. Larduna da sunan hedkwata suke kiransu, kamar Kano da Zariya da Sakkwato, ko da sunan kogi ko yanayin ƙasa, kamar Neja da Binuwai da Filato. Ƙasar Najeriya kanta daga kogi sunanta ya fito, bisa shawarar da Flora Shaw ta rubuta a jaridar Times ta Landan a 1897. Katsina tana cikin Lardin Kano har 1926, sa'an nan aka mai da ita Lardin Zariya, ba ta sami lardin kanta ba sai 1934. Cikin waɗannan shekaru takwas ne ya fi sauƙi a ƙaddara cewa wani Razdan ya ga kudancin Katsina ya fi kusa da ofishinsa, ya nemi a ware shi.

A daidai wannan lokaci ne aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Tashar jirgi da injin gurzar auduga da kantunan kamfanoni suka jawo 'yan kasuwa da ma'aikata daga ko'ina, Funtuwa ta shafe Maska. Shi kansa Sarkin Maska a Funtuwa yake zaune, shi ne hakiminta, amma sarautar ba ta sāke suna ba. Irin wannan ya faru a Katagum, inda hedkwata ta koma Azare masarauta kuwa ta riƙe tsohon sunanta. Bisa ga wannan, da Turawa sun ware yankin, takardun gwamnati Funtuwa za su rubuta, fada kuwa da maroƙanta Maska za su ci gaba da faɗi. Sunan Funtuwa ya ƙara ƙarfi a 1975, sa'ad da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe.

Karkata Ta Biyar: Zamanin Jihohi

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya haɗa Lardin Katsina da na Zariya cikin Jihar Arewa Ta Tsakiya. A 1976 Janar Murtala Muhammed ya mai da ita Jihar Kaduna, aka kuma yawaita ba jihohi sunayen koguna, irin su Gongola da Neja da Binuwai da Imo da Ogun. Jihar Katsina ta samu ranar 23 ga Satumba, 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Daga baya aka ta da neman a yi jiha daga ƙananan hukumomi 11 na kudu, watau Bakori, Ɗandume, Ɗanja, Faskari, Funtuwa, Ƙafur, Ƙanƙara, Malumfashi, Matazu, Musawa da Sabuwa. Sunan da masu neman suka zaɓa shi ne Karaɗuwa, sunan kogi, kuma sun sha kai buƙatarsu gaban kwamitocin gyaran tsarin mulki na Majalisar Tarayya.

Dalilin zaɓen a fili yake. Yankin ba sarauta ɗaya ke gare shi ba. Galadiman Katsina yana Malumfashi, kuma yana cikin masu zaɓen Sarki. Makaman Katsina yana Bakori, Sarkin Maska yana Funtuwa. Duka hakimai ne na Sarkin Katsina, babu wanda yake ƙarƙashin wani. In an ce Jihar Maska ko Jihar Funtuwa, an ɗaukaka gida ɗaya bisa sauran. Kogi kuwa ba shi da gidan sarauta, ba ya tuna wa kowa wanda ya ci wani da yaƙi.

Sai dai sunan yana da rauninsa. Karaɗuwa ta gefen arewacin yankin take bi, babbar madatsar da aka yi a kanta ma, watau Zobe, tana wajen Dutsinma, wadda ba ta cikin ƙananan hukumomin nan 11. Babban kogin da ya taso daga kusa da Funtuwa shi ne Kogin Sakkwato, sunansa kuwa yana da mai shi. Haka kuma tarihin jihohi ya nuna cewa sunan da bai ɓata wa kowa rai ba, ba lalle ne ya ɗaure mutane ba. Gongola shekara 15 ta yi, aka raba ta a 1991, sunan Adamawa ya dawo. A wannan shekara aka farfaɗo da sunan Kabi, a 1996 kuma na Zamfara.

Saura Laka. Kafin 1991 da wuya a yarda cewa za a kira jiha da sunan irin ƙasar nomanta, amma Jihar Jigawa ta buɗe wannan ƙofa. Laka tsohon suna ne, na Hausa ne, kuma kowane manomi ya san abin da yake nufi, domin da fartanyarsa yake taɓa shi. Matsalarsa biyu ce. Tsohuwar Katsina Laka ta miƙa har wajen Tsafe da Gusau, waɗanda yanzu suke Jihar Zamfara. Sa'an nan sunan tun asali bai tsaya shi kaɗai ba, Katsina yake siffantawa, don haka ya fi nuna dangantaka da Katsina bisa ga rabuwa da ita.

Kammalawa

Ga abin da aka samu a taƙaice. In tarihi ya karkata kafin 1804, sunan Maska ne. In ya karkata a zamanin tuta, ko dai Maska ko Katsina haɗe da sunan sabon gari. In tsofaffin sarakuna ne suka gangaro, Katsina ce a fada, sunan garinsu a bakin baƙi. In Turawa ne suka yanka, Funtuwa ce a takarda. In soja ne suka ƙirƙira bayan 1976, kogi ko ƙasar noma, Karaɗuwa ko Laka. Marubucin da ya ɗauki sunan wani zamani ya kai wani, ko ya ƙago suna mai ƙawa wanda ba shi da birni ko sarauta ko kogi a bayansa, mai karatu da ya san ƙasar zai gane tun daga shafin farko.

Ga masu neman jiha kuwa, al'amarin ya wuce na adabi. Tun 1996 ba a sāke ƙirƙiro jiha a Najeriya ba, kuma sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya shar'anta, cikin wasu sharuɗɗa, cewa sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. A dā mai tuta ko Razdan ko shugaban soja ne ke yanke suna, talaka ya ji a bakin sanƙira ko a rediyo. Yanzu doka ta ce sai an tambaye shi. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma yankin da ya tara Hausawa da Fulani da Maguzawa da jikokin waɗanda jirgi ya kawo, linzamin da zai ja su gaba ɗaya sai an zaɓe shi da lura. Manomin nan na Bakori ya gāji sunan Bakatsine daga kakanninsa. Duk wanda yake so ya ba shi wani, a littafi ne ko a takardar ƙuri'a, sai ya fara nuna masa abin da sabon sunan yake faɗi game da shi wanda tsohon bai faɗa ba.